Ruwan Ƙauyenmu Ya Tafi Hutu

Jiya na yi tuƙin awa biyu, na tsallaka da mota a jirgin fito, na hau dutse da gwaggona mai shekara tamanin da bakwai, duk don mu ɗauki hoton ruwa. Muka tarar ruwan ba ya aiki ranar.

Bari in warware muku. A gindin magangarar ruwan Grimset aka ɗauki Gwaggo Aslaug hoton aure, ita da marigayi mijinta. Ranar Litinin za a kai ta gidan kula da tsofaffi a birni, kuma likita ya ce ƙafafun nan sun gama hawan dutse. Abu ɗaya ta roƙa: a sake mata hoto a wurin, ta rataye kusa da na da. Ta sa kayan bikinta masu adon azurfa, ta cika fulas da kofi, ta yanko burodi da cuku. Mota na hawa tana ba ni labarin yadda feshin ruwan ya jiƙa hular ango.

Gaskiya a yaba wa manya. A da, a gefen titi kake tsayawa, ruwa na ruri har ba ka jin na kusa da kai. Yanzu Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle ya gina mana dandamalin ƙarfe mai leƙa kwari, da banɗakin gilashi da aka ce ya ciyo lambar yabo a ƙasar waje, da allo mai harsuna huɗu da ke gargaɗi kan santsi. Abin da ya rage a kawo shi ne ruwan. Dutse ne baƙi, a bushe ƙayau.

Torleiv, tsohon maƙwabcinmu, shi ke gadin wurin ajiye motoci. Ya ce tun da aka ba kamfanin lantarki kogin, daga ashirin ga Yuni zuwa ashirin ga Agusta kaɗai ake sakin ruwa, ƙarfe goma zuwa huɗu. Mu kuwa ashirin da ɗaya ga Agusta muka zo.

"Gwaggo, ai da jiya kuka zo," in ji shi. "Har ƙari aka yi, saboda manya sun zo da masu ɗaukar hoto."

"To yau ina yake?" Gwaggo ta tambaya.

"Yana cikin bututu. Ba ɓata ya yi ba, neman na kansa yake."

Sai na tuna taron da aka yi a zauren makaranta. Babban Mai Riƙe da Makullin Kogi ya dafa ƙirji ya ce ko ɗigo ba za mu rasa ba. Kyan alkawari cikawa: ba mu rasa ba, canza masa gida aka yi. Mu muka tafa, muka sha kofinsu, ashe ruwa ba ya tsami banza.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma mu 'yan Norway ba mu iya ihu ba, takarda muke cikewa. Torleiv ya ba ni fam na neman sakin ruwa na musamman, ya ce kwamiti zai zauna a Nuwamba, lokacin da ƙanƙara ta rufe hanyar. A bayanmu mutum takwas sanye da rigar ruwa sun ja layi tsit, kowa na jiran ya tsaya inda aka zana sawun ƙafa ya ɗauki busasshen dutse. Allo ya ce nan ne wurin hoto, wa ya isa ya yi musu da allo?

Gwaggo ta dogara sandarta ta gangara bayan banɗakin, inda ƙaton bututun ya bi. Ta ɗora tafin hannu a kansa, ta daɗe a haka.

"Shi ne," ta ce. "Na gane muryarsa. Ɗauke mu, Steinar. Shi ma an kai shi inda bai so ba."

Na ɗauka. Hoton ya yi kyau, bututun ma ya fito fes.

Ranku ya daɗe, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Roƙona ɗaya ne: ranar da za ku sa wa fitowar rana jadawali, ku sanar da wuri. Akwai waɗanda ba za su iya jiran baɗi ba.