Rabin Darasin da Na Kai Walimar Binta

Ko tsufa ya cinye mini tunani, abu biyu ba zan taɓa mantawa da su ba. Na farko, ƙanwata Binta aka sa a makaranta, ni aka ɗora wa tiren dafaffiyar gyaɗa. Ban ji daɗi ba a lokacin, har yanzu ma ban ji ba, kuma kada wanda ya ce mini ƙaddara ce, na san ƙaddara ce. Na biyu shi ne abin da na je na tafka a Kabo ranar walimarta. Wannan kam da hannuna na ɗebo.

A Madadi aka haife mu. Shekarun da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, har sabulu sai an bi layi, Baba ya ce ba zai iya ɗinka yunifom biyu ba. Ya dube ni, ya dubi Binta, ya ce ita ƙarama ce, wuyanta ba zai ɗauki tire ba. Wato ƙarfin wuyana ne ya ja mini. Daga nan duk baƙon da ya zo gidanmu sai an kira Binta ta karanta masa wasiƙa ko ta ƙirga da Turanci, ana cewa “Tubarkalla, wannan yarinya akwai kai.” Ni kuwa ina tsaye a gefe da kwanon ruwa, ina jira baƙo ya gama sha.

Sai da na haifi 'ya'ya huɗu sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci. Na ja jiki, na ci jarrabawa, har na samu shiga kwas ɗin horar da malamai da ake yi duk Asabar a Gwarzo, ina zaune cikin yaran da na yi goyon sa'o'insu. Ba wanda ya soya ko ƙwai ɗaya don ni. (Ba ƙorafi nake ba. To, ƙorafi nake.)

A kwas ɗin akwai Malam Habibu, mai koyar da ilimin halayyar ɗan'adam, mutum mai sanyin magana kamar yana tsoron kada ya tashi jariri. Wata Asabar ya rubuta wata doguwar kalmar Turanci a allo, mai yawan “si-si” a cikinta, ya ce a Hausance mu kira shi ciwon ji da kai. Ya ce mai wannan hali yana ganin don shi aka shimfiɗa duniya, yabo ne abincinsa, kuma zafin wani ba ya isa gare shi. Wata ɗaliba ta tambaya ko da shi ake haihuwar mutum. Ya ce masana sun rabu. Wasu suna ganin daga gida yake farawa: yaron da aka yi ta zugawa, ana ce masa ya fi sauran yara, ana kiransa gaban baƙi ya nuna bajinta, har ya girma yana zaton haƙƙinsa ne a tafa masa.

Wallahi ji na yi kamar an ɗaga mini dutse daga ƙirji. Ashe abin da ke damuna shekara da shekaru yana da suna, har Turawa sun rubuta shi a littafi! Na yi ta rubutu har biro ya huda takarda, a gefen shafi kuma na rubuta “Binta”, na ja layi biyu a ƙasa. Malam ya rufe littafinsa ya ce, “Sauran bayanin sai mako mai zuwa.”

Mako mai zuwan ban samu zuwa ba. Ana wahalar mai, motocin Gwarzo sun yi ƙaranci, ga shi lokacin Shari'a ta kankama 'yan acaɓan wajenmu sun fara ƙin ɗaukar mata. Na tsaya bakin hanya har rana ta take, na koma gida. Da wata 'yar ajinmu ta miƙo mini littafinta in kwafi abin da na rasa, na ce ta riƙe abinta. Abin da nake nema ai na riga na samu.

In za a bi gaskiya, hujjojina a kan Binta ba su taka kara sun karya ba. Ta rataye satifiket ɗinta a falo. Tana sa gilashi. Ta taɓa gyara mini wata kalma a gaban mijina. Shi ke nan. Amma mai hassada ba ya rasa shaidu.

Ana cikin haka aka ba ta hedimistires a wata firamare ta wajen Durun. Labari ya iso mini, na ce “Uhm,” na ci gaba da tankaɗe. Ko barka ban ce mata ba. Mijinta ya shirya walima a ƙofar gidansu a Kabo, sai ga Binta da kanta har ɗakina.

“Yaya, ke za ki yi jawabi a madadin dangi. Baba ba ya raye, Inna kuma kin san kunnenta.”

“Ni? Ina duk masu digirin naku?”

“Ke dai nake so.”

Na ce to, sai na duba. Tana fita na jawo littafina. Kwana uku ina bitar jawabi a bayan ɗaki, awakina ne 'yan kallo.

Duk wanda ya halarci taro a shekarun nan ya san tsarin. An daina kiɗa, sai walima da wa'azi. A kafa rumfa, a ratsa tsakiya da labulen tampol, maza can mata nan, ba mai ganin wani. Lasifika ɗaya a kan bishiya, makirfo biyu, ɗaya wajen maza ɗaya wajenmu. Na zauna kusa da Inna cikin sabuwar atamfa, ina jin masu jawabi suna ta zuba yabo. Binta mai haƙuri. Binta mai hazaƙa. Binta tun tana ƙarama. Kowace kalma kamar ana soka mini allura a ƙarƙashin farce. Can sai mai gabatarwa ya ce, “Yanzu za mu saurari yayar Hedimistires.”

Yayar Hedimistires! Ko sunana bai nema ba. Wannan ya ƙarasa ni.

Na miƙe, na yi sallama, na yi salati. Sannan na ce ni ba yabo na zo yi ba, an yi ya isa, nasiha na zo da ita daga ilimin da nake karantawa a Gwarzo (na maimaita Gwarzo sau biyu don a ji). Na ce akwai wani ciwo da ke kama masu muƙami, na kira sunansa na Turanci, na kuma san ban kira shi daidai ba. Na ce masana sun gano tun daga gida yake farawa, idan iyaye suka ware yaro ɗaya suka yi ta kiransa gaban baƙi, sauran suna riƙe da kwanon ruwa. Na ce irin wannan yaro yana girma sai ka ga ya rataye takardunsa a falo. Na ce wani har gilashi yake sawa.

Binta ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Ni kuwa ina jin kaina kamar alƙaliya. Na rufe da addu'ar Allah ya ba masu wannan ciwo lafiya, na zauna, makirfo a cinyata. (Na daɗe ina cewa mantawa na yi ban mayar ba. Ƙarya ne. Ban so rabuwa da shi ba ne.)

Sai na ji wata murya mai sanyi ta fito daga lasifika.

“Assalamu alaikum. Ban ga mai jawabi ba, amma na gane muryar ɗalibata ce, kuma na ji daɗi ƙwarai.”

Malam Habibu. Ashe abokin mijin Binta ne, tun safe yana bayan tampol. Bawan Allah ba ya ganin fuskokinmu, bai san wutar da na kunna ba. Shi a zatonsa ɗalibarsa ta yi ƙoƙari, saura ya cike mata.

“Abin da Hajiya ta kawo rabi ne, ina jin ranar da muka ƙarasa ba ta samu zuwa ba. Wasu masanan suna ganin wani kaso na halin da shi ake haihuwar mutum. Wasu kuma suka ce sau da yawa ba yabo ne ke kawo shi ba, rashinsa ne. Yaron da ba a taɓa kallonsa an yi murmushi ba, sai dai in ya yi aiki. Yana girma da jin shi ba kowa ba ne, sai ya gina katanga ta girman kai ya ɓuya a baya. Irin wannan, idan ana yabon wani a gabansa ji yake kamar ana yankansa. Ba ya iya cewa barka. Yana riƙe abin da aka yi masa shekara talatin kamar jiya aka yi. In ya je taron wani, sai ya san yadda ya yi taron ya koma kansa.”

Ban ɗaga kai ba, amma ina jin idanu suna juyowa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake jin zafin murhu ta baya. Ya ci gaba da cewa kowa yana da ɗan abinsa, kuma ba a tsayawa a taro a nuna mutum a ce shi ne, wannan aikin likita ne. Ina ma a nan aka tsaya.

Inna, wadda rabon da ta ji magana sarai tun rasuwar Baba, ranar lasifika ta kai mata kowace kalma. Ta matso, ta dafa cinyata daidai inda makirfo yake, ta yi abin da ita take ɗauka raɗa ce.

“Ke! Wannan malamin a ina ya san ki haka? Ya taɓa zuwa gidanmu ne?”

Maganar ta fita ta kan bishiya, ta ratsa rumfa, ina jin har 'yan kasuwar Kabo sun samu rabonsu. Wani a ɓangaren maza ya yi tari irin na mai danne dariya. Malam ya rikice.

“Subhanallahi! Inna, ni ba kowa nake nufi ba, karatu ne kawai.”

“To in ba duba yake yi ba,” in ji Inna, har yanzu cikin makirfo, “ya aka yi ya san ba ta ce barka ba?”

Nan rumfa ta fashe, maza da mata, tampol bai raba dariya ba. Wata tsohuwa har da riƙe ciki tana “Wayyo Allah, Inna ki bari.” Na nemi ƙasa ta tsage, ƙasar Kabo kuwa tauri gare ta. Binta ce ta taso, ta ɗauke makirfon daga cinyata, ta danna wani ɗan maɓalli.

“A nan ake kashewa, Yaya.”

(Ku yarda da ni, a cikin wannan halin ma sai da na ji haushin ta sake gyara mini abu.)

Da aka fara rabon abinci na sulale ɗakinta in ɗauki jakata. Ta biyo ni ta tura ƙofa.

“Da ni kike, ko?”

“Na kama suna?”

“Kin ce mai gilashi. Duk rumfar nan ni kaɗai ce mai gilashi, sai liman.”

Ta cire gilashin ta goge ido da bakin mayafi, sai na ga ashe kuka take.

“Mako uku ina jiran kalma ɗaya daga bakinki. Kowa ya faɗa, har mai gadin makaranta. Na ce bari in ba ki makirfo, wataƙila a gaban mutane ta fito. Ni ban roƙi Baba ya zaɓe ni ba, Yaya. Shekarata shida a lokacin.”

Da ina da hankali da a nan na faɗa. Amma na ɗauki jakata na ce mota za ta tafi ta bar mu.

A motar komawa Madadi, Inna tana ta cin naman walima daga leda kamar ba ita ta kashe ni ba. Sai da muka kusa gida ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Mun cuce ki, ni da ubanki. Na sani. Amma ba Binta ce ta ɗora miki tiren ba.” Ta miƙo mini tsoka ɗaya. Kusan shekara ashirin ina jiran wannan magana, ta zo mini a bayan mota, da maiƙo a hannu, kwandasta yana saurare.

Ban ce ina da ciwon nan mai “si-si” ba, Malam ma ya ce sai likita. Hassada dai ina da ita, lafiyayya, ba sai an auna ba. Abin da na koya shi ne, in ka ji darasi ya yi daidai da maƙiyinka kamar an gwada masa riga, to ka daure ka je mako na biyu, akwai taka rigar tana jira.

Washegari da sassafe na tsaya bakin hanya har na samu motar Kabo, daga can na hau ta Durun. Na tarar da ita a ofis, an rubuta muƙaminta a ƙofa da sabon fenti (na karanta, ya sake sukata, ba zan ɓoye ba). Na zauna a bencin da iyayen yara suke zama.

“Hedimistires,” na ce, “barka. Allah ya taya ki riƙo.”

Ta dube ni ta saman gilashi.

“Yaya, ban ji sosai ba. Ko in aika a kawo makirfo?”

“Binta,” na ce, “kada ki ga na sauko ki ce za ki hau.”