Ranar da Shafina Ya Ƙi Karɓar Mutum Biyu

Har gobe ban manta da ranar da na ɗinka sabuwar shadda don in je Argungu in kunyata kaina ba. Lokacin intanet bai daɗe da shigowa Birnin Kebbi ba, ni kuma na dawo daga kwas ɗin kwamfuta, kaina ya kumbura.

Wata ƙungiyar manoman shinkafa ce ta ba ni aikin shafin rajistar taki, kuma a ranar za a rufe sunaye. Na gwada shi ya fi a ƙirga, yana gudu lafiya lau (ban taɓa lura cewa kullum ni kaɗai ke gwadawa ba).

Muka taru a shagon intanet mai kwamfuta takwas, manoma har daga Augie sun cika ƙofa. Shugabansu, Alhaji Garba, ya yi bisimilla, aka danna gaba ɗaya. Ɗaya ta buɗe. Bakwai suka yi tsit.

Na tashi, na zauna, na sake tashi. Na girgiza waya, na leƙa janareta, na ce sabis ne.

"Ɗana, wanga abu mi ya same shi?" in ji Alhaji. "Tun da safe munka baro gona."

Mai shagon, Malama Saratu, ta matso ta rage murya. "Malam, uwar garken, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin, mutum nawa ka saita ta saurara a lokaci guda?"

Na duba. Ɗaya. Yadda ta zo haka na bar ta, sai ta sallami wannan take juyowa kan wancan.

Maimakon in tambaye ta nawa ya dace, sai na ɗaga murya kowa ya ji: "Ƙaramin abu ne!" Na rubuta ɗari biyu. Na'urar ta cika ta shaƙe, har guda ɗayar da ke aiki ta mutu. Zufa ta jiƙa shaddar har baya.

Malama Saratu ta ja kujerata, ta mayar da adadin shida, ta sake kunnawa. Layi ya fara tafiya, kafin la'asar kowa ya shiga. Alhaji ya miƙo mini ruwa ya ce, "Sha, ka huta. Bar ta ta yi."

Tun daga ranar, ba na cewa abu yana aiki sai na tara mutane sun danna tare. In kuma zan yi gyara a gaban jama'a, bakina a rufe nake yi.