Kakamora Ba Sa Son Fari

"Lafiya lau, sai dai teku ta wanke mu tas. Ina gajiyar zama, amaryata?"

"Gajiyar zama sai mai mijin kirki. Ni da na auri rago, jiransa ma aiki ne."

Selwin ya dire buhun shinkafa a bakin ɗakin girki, ruwan gishiri na ɗiga daga wandonsa. Tun asuba ya tafi garin Kirakira a kwalekwale mai inji don sayen kayan tafiya, saboda gobe jirgin ruwa zai ɗauki kakarsa Dorika zuwa birnin Honiara wurin 'yarta. An ce ƙafa za a duba mata, amma duk ƙauyen sun san tafiyar ba ta dawowa ba ce, ita ma ta sani. Tana zaune a kan tabarma tana kankarar kwakwa, kanta fari fat. Ita da jikan nan nata kuwa, tun da ya iya magana ba su taɓa gaya wa juna zance miƙaƙƙe ba.

"Matso in gan ka," in ji ta. "Gashi har kafaɗa, farce kamar na kaguwa, wuta ba ka iya hurawa sai dai ka saci garwashi a murhuna. Na sha gaya wa uwarka kai ba nata ba ne, kakamora, gajerun aljanun dajin nan, su ne suka yi mata musanya a gona."

"Ni ne kakamora? An ce tsawonsu bai wuce cinyar mutum ba. Ke ko in kin miƙe tsaye sai in ɗauka har yanzu a zaune kike."

"Gajeru ne, amma ɗayansu yana ɗaga abin da ya gagari ƙarti. Kai buhu ɗaya ya sa ka haki kamar alade mai ciki."

"Kuma su ne masu rawa cikin ruwan sama. Wa aka kama bara tana tiƙar rawa a tsakar gida ana tsuga ruwa?"

"Cinnaka ne ya cije ni, marar kunya."

"Cinnaka mai kiɗa ke nan."

Ta jefe shi da ɓawon kwakwa, ya goce. Sai ta miƙo hannu.

"Ina saƙona?"

"Wane saƙo?"

"Rinin furfura. Baƙi na ce maka."

Selwin ya kwashe da dariya har da riƙe ciki. Ya zuge jakarsa ya zaro wani ɗankwali sabo, fari sol, ya warware shi a gabanta.

"Ai na san tsokanata kike yi. Wa za ki yaudara a Honiara, ina raye? Ga wanda ya dace da ke, shi da kan duk launi ɗaya. Tsohuwar zuma da ita ake magani, ba sai an rina ta ba."

Ya tsaya yana jiran zagi, don ya san yau zai sha shi har na gobe. Zagin bai zo ba. Dorika ta ajiye kwakwar, ta dubi ɗankwalin, sannan ta waiga wajen dutsen da ke bayan gonakin gwaza.

"Ninke shi ka mayar cikin jaka," ta ce a hankali. "Kada iska ta ɗaga shi su gani daga can."

Ya daina dariya. Sanyin muryar tsohuwar nan ya fi duk baƙar maganarta ba shi tsoro.

"Kaka, mene ne?"

"Au, yau kuma kaka na zama? To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka san Waita."

Ya san sunan. Ƙanenta ne da ya ɓata yana ɗan ƙarami a gonar da ke ƙarƙashin kogo, aka nema har aka gaji, manya suka ce kakamora ne suka ɗauke shi.

"Abin da ba ka sani ba, na gan shi bayan nan. Wata Lahadi na taso daga coci da farar rigata, na bi ta rafi. Sai ga kakamora zaune a kan dutse, biyu gajeru, na ukun ya kere su tsawo, gashinsa har gwiwa. Ya dube ni, ya buɗe baki zai kira sunana, sai iska ta kaɗa rigar. Ka dai san su da tsoron farin abu. Kafin in ce Waita, ko ƙurarsu babu."

Ta share hannunta a zani.

"Tun ranar ban ƙara sa fari ba. Ranar aurena ma shuɗi na sa, kakanka ya yi ta ƙunƙuni har ya mutu. Nakan hau in ajiye masa gasasshiyar ayaba da garwashi a bakin kogo, in na koma in tarar an ɗauka. Da kan nan ya yi fari, sai aka daina ɗauka. Riga ana tuɓe ta, Selwin. Wannan fa?"

Shi dai a ransa ya san ɓeraye ma suna cin ayaba, amma bai ga amfanin faɗin hakan ba. Abin da ya dame shi shi ne, ya wuce ta gaban shagon da ake sayar da rinin yana murmushi, yana tsara irin tsiyar da zai yi mata. Kwalekwale ba zai sake komawa ba kafin jirgi ya zo. Bai taɓa jin haushin kansa irin na yau ba.

"Me ya hana ki ce mini da gaske kike?"

"Da wane bakin? Ni da kai mun taɓa yin gaske?"

Selwin ya juya. Ya shiga ɗakin girki, ta ji yana ƙwaƙular wani abu. Can ya fito da tukunya a kife, ya kankaro baƙin gindinta cikin ƙoƙon kwakwa, ya zuba man kwakwa ya dama da yatsa.

"Me za ka yi da wannan ƙazanta?"

"Zauna da kyau, amarya. Kwalliya zan yi miki ki je wurin wani namijin. Kin taɓa ganin miji mai haƙurina?"

"Namijin ƙanena ne, sakarai."

"Haka kowace ke cewa."

Ya durƙusa a bayanta ya fara shafa mata daga goshi, yana tsefe gashin da yatsunsa. Baƙin ya kama, ko da yake yana gangarowa ta bayan kunne.

"A hankali, faratan nan naka za su yanka ni. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ko ka mai da ni budurwa, da wace ƙafar zan hau dutsen?"

"Da tawa. Rana na sama tukuna, zan goya ki har bakin kogo."

"Kai da buhu ɗaya ya kayar?"

"Buhun ya fi ki nauyi, kuma ya fi ki daɗin hira."

"In suka gan ka riƙe ka za su yi, su ce ɗansu ya dawo gida."

"Su riƙe. Na yarda, kin ci ni yau, ni ne kakamoran. Sai su ba ki naki, su karɓi nasu."

Dorika ta yi dariya har kafaɗunta na rawa, hawaye suka haɗu da baƙin tukunya a kumatunta. Da hannunsa ya gangaro baya, sai ta kama shi ta riƙe.

"Tsaya nan. Ka bar mini kaɗan fari a ƙeya."

"Ba ke kika ce zai gudu ba?"

"Ba zai gani ba sai na juya zan tafi. Ina so ya san na daɗe ina jiransa."