Dutsen da Na Ture a Kalgo

Ni fa a harkar mota ko bakanike ba na saurara wa. Ranar da na ga wata tsohuwar mota ja mai ƙofa biyu a gefen titin Kalgo, na ce wa abokina Sani ya ɗauke ni hoto da ita. Wani dutse a gindin taya yana ɓata hoton, na sa ƙafa na ture shi. Ashe shi ne birkinta. Ta gangara a hankali ta daki kwalbati, fitila ta tarwatse.

Dattijon mai motar ya fito daga masallaci, ya daɗe yana kallonta. "Ɗana, irin fitilar nan ba a samunta yanzu." Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Har yau ko babur na faka a Gwandu, sai Sani ya miƙo mini dutse: "Injiniya, ga birki."