Nomau da Haɗin Man Inji

A Kurmin Gwaza, wani ƙauye da ke bakin daji, an yi wani mutum ana ce masa Nomau. Ya haura shekara talatin, ga ƙarfi ga gemu, bai taɓa zagin kowa ba, bai taɓa ƙin aike ba. Matsalarsa ɗaya ce: duk abin da aka faɗa masa, yadda kunnensa ya ji haka hannunsa zai yi, ba ragi ba ƙari. Gida ɗaya suke da wansa Cindo, da matar Cindo mai suna Lantana, da mahaifiyarsu Inna Tabawa, wadda ta daɗe da koyon auna magana kafin ta yi wa Nomau.

Cindo kuwa bai koya ba. Shi ne ya sayar da bijiman noman gidan guda biyu ya sayo injin yankan itace, irin mai sarƙar nan da ake ja wa igiya ya tashi. Tun daga ranar tuwon gidan ya koma wuyan injin. Ya zaunar da ƙanensa a gindin rumbu ya yi masa bayani: wannan inji ba ya shan fetur zalla. Sai an haɗa masa da wani mai na musamman. In man ya yi yawa, hayaƙi ya turnuƙe, fulogi ya toshe. In ya yi kaɗan, ƙarfen ciki ya ci ɗan'uwansa, inji ya buga, shi ke nan bijimai sun tafi a banza. Nomau ya gyaɗa kai, ya ji a ransa ba abin da zai taɓa injin nan yana raye.

Wata rana Cindo zai je duba wani maɗaci da iska ta kayar, sai ya ce, "Nomau, haɗa mana man yau. Murfi hamsin na fetur, murfi ɗaya na mai." Nomau ya cire murfin galan ya auna fetur sau hamsin, bai kuskure ko ɗaya ba. Da ya zo kan mai sai ya tsaya tunani. Yaya ya ce murfi hamsin na fetur, wannan murfin kuwa ya riga ya zama na fetur, dole mai ya samu nasa. Ya shiga madafi ya ɗauko murfin tukunyar tuwo, ya juya cikinsa sama ya cika shi taf da mai, ya juye a fetur ɗin. Cindo ya dawo ya zuba a tanki ya ja igiya. Injin ya yi tari sau biyu, sannan ya fara aman wani hayaƙi fari da shuɗi, har aka daina ganin ƙofar zaure. Kafin a ankara maƙwabta sun cika gidan da bokitai, wani ma ya sheƙa wa rumbun dawa ruwa. Da hayaƙin ya lafa aka ga Cindo tsaye, baki buɗe, yana kallon murfin tukunya a hannun ƙanensa.

"Da wannan ka auna?"

"Guda ɗaya tak, Yaya, kamar yadda ka ce."

Wata rana man haɗin ya ƙare, Cindo ya aike shi kasuwar gari. Ya ja masa kunne: "Kada ka sayo mini baƙin mai na mota. Ka sayo mai na gaske, wanda ya fi kowanne kyau a kasuwar nan." Nomau bai yarda da idonsa ba, don haka ya bi rumfa-rumfa yana tambaya wane mai ne ya fi kowanne kyau. Mai man gyaɗa ta ce nata. Mai manja ya ce nasa. Amma da ya tambayi tsofaffi uku da ke zaune a inuwar rumfar mahauta, baki ɗaya suka ce ai ba kamar man shanu. Ya sayo kwano guda, ya duba da kyau ya ga ba baƙi ba ne, ya narkar da shi a rana, ya auna da ƙaramin murfi a wannan karon. Da aka tada injin a gonar wani mutum, ƙanshin suya ya cika wurin. Bai yi nisa ba ya mutu, ya ƙi tashi. Aka ɗauke shi a kan babur aka kai wa Ubale makanike. Ubale ya kwance shi, ya lakato wani abu fari da yatsa, ya sansana, ya sake sansanawa, sannan ya dubi Cindo.

"Malam Cindo, shekara ashirin ina wannan aiki. Yau na fara ganin inji da aka yi wa miya."

Kwana biyu Ubale ya yi yana wankewa, kwana biyu kuma Cindo bai iya cin tuwo da man shanu ba.

Wata rana Mai Unguwa Dogara ya kira su su sassare masa rassan ɗorawa da suka rufe masa gona. Dattijo ne mai jiki, ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa, daidai inda aka ajiye galan ɗin haɗi. Cindo yana ɗaure sarƙar inji, hannuwansa biyu a cike, sai ya yi nuni da leɓe wajen inuwar ya ce, "Je ka girgiza shi sosai kafin mu fara. In ya daɗe a zaune, nauyin duk ƙasa yake komawa." Nomau ya duba inda leɓen ya nuna. Ya ga galan, ya ga Mai Unguwa. Galan dai a ajiye yake, wanda ke zaune mutum ɗaya ne. Ya je ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri," ya kama kafaɗun dattijon ya shiga jijjiga shi. Hula ta yi gabas, carbi ya yi yamma, goron da ke bakinsa ya faɗo kan tabarma. Cindo ya ɗago kai ya daka masa tsawa ya bari. Da ƙyar Mai Unguwa ya samu numfashi, ya ce a hankali, "Cindo, me na yi muku?" Ranar kyauta suka yi aikin, suka haɗa da faskare.

Wata rana, lokacin Lantana tana jego, Cindo ya tono wani galan da aka manta a bayan ƙofa. Ya buɗe ya sansana ya yamutsa fuska. "Wannan haɗin ya mutu. Wata ɗaya da kwana uku ke nan. Kai shi bayan gida ka san yadda za ka yi da shi." Nomau ya san abin da ake yi wa wanda ya mutu. Ya ɗauki fartanya ya tafi bayan gida ya fara haƙa, fuskarsa a murtuke. Wani maƙwabci da ke wucewa ya tambaye shi lafiya.

"Na Yaya ne ya mutu."

"Na Cindo? Yaushe?"

"Yanzu ya duba ya ga ya mutu. Watansa ɗaya da kwana uku."

Maƙwabcin ya san kwanakin jaririn Lantana. Ya yi salati ya juya. Kafin la'asar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mata suna shiga da kuka. Lantana na zaune tana ba ɗanta nono sai ta ga wata tsohuwa ta dafa ta tana cewa sai haƙuri. Ta dubi tsohuwar, ta dubi yaron da ke tsotso, ta ƙanƙame shi har ya tsala kuka. Mata suka ja da baya. Cindo ya dawo daga masallaci ya tarar ana miƙa masa hannu ana yi masa gaisuwa. Sai da aka je bayan gida aka tarar da Nomau ya gama binne galan, ya jera duwatsu kewaye. Ba wanda ya yi dariya a wurin, sai da kowa ya koma gida. Inna Tabawa ta ɗauki kwana uku tana bi gida-gida tana ba da haƙuri.

Wata rana, Juma'a ce, aka ba Cindo aikin da ya fi kowanne girma tun da ya sayi injin: shi da wani mai inji daga ƙauyen gaba, Barau, za su yanka katakon rufin sabon ɗakin shan magani. Da safe wani mutum ya ratso ƙauyen a kan babur da baƙaƙen galan, yana cewa haɗaɗɗen mai ne, an riga an auna, zubawa kawai za a yi. Barau ya sayi ɗaya ya wuce daji. Cindo ma ya saya, yana murna yau ba auna murfi. Da azahar ta kusa ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta zuwa masallaci, ya fito tsakar gida yana gyara hula.

"Nomau, ɗauko galan ɗin nan ka zuba mini. Ina sakkowa daga masallaci daji zan wuce."

Nomau ya ɗauko, amma ya tsaya. An sha yi masa faɗa, ya ga gara ya tambaya.

"Kai zan zuba wa, Yaya?"

"To wa za ka zuba wa? Ni na ce ka zuba mini. Yi sauri."

Nomau ya yi sauri. Ya ɗaga galan ya tuttula masa daga kafaɗa har gwiwa. Inna Tabawa ta sure tulu ta kashe wutar murhu. Lantana ta fice da jaririn. Cindo ya tsaya hannuwa a buɗe, fetur na ɗiga daga haɓar rigarsa. A hankali ya tuɓe rigar ya miƙa, aka shanya ta can nesa a kan dangar kara, ya sake wanka da sabulu har sau biyu. A tsohuwar taguwa ya tafi, a sahun ƙarshe ya samu sallah.

Nomau ya zauna gindin danga yana gadin rigar, ransa a jagule. Ya tambaya, an ba shi amsa, kuma duk da haka ga yadda ta ƙare. Da Cindo ya dawo, Lantana ta ɗauko rigar za ta jiƙa, sai ta ɗaga ta a rana tana juyawa.

"Maigida, zo ka gani. Ta bushe, ko tabo babu. Kayan aikinka kuwa in haɗin nan ya taɓa su, sai na yi ta dirza maiƙon ba ya fita."

Cindo ya karɓa ya shafa, ya murza da yatsu. Babu maiƙo ko kaɗan. Ya yago takarda, ya ɗiga mata abin da ya rage a galan, ya riƙe a iska. Ta bushe fes. Fetur zalla aka sayar masa, ko ɗigon mai babu a ciki.

Yana nan riƙe da takardar sai ga Barau ya yi sallama, injinsa a kafaɗa, fuskarsa kamar an yi masa rasuwa. Ya sauke shi ya ja igiya, ko motsi ba ta yi ba. Ya ce gungume na biyu yake yankawa injin ya yi wata ƙara ya tsaya, Ubale ya duba ya ce cikinsa ya narke, sai dai a nemi sabo.

Cindo ya juya ya dubi nasa injin da ke jingine a bakin rumbu, tankinsa a bushe. Ya zauna a kan turmi. Ya daɗe yana kallon ƙanensa.

Nomau ya ga kallon ya yi yawa, ya ɗauko galan ɗin ya matso.

"Yaya, akwai saura kusan rabi. In ƙarasa zuba maka?"

Cindo ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa, ya dubi Inna Tabawa, sannan ya fara magana ɗaya bayan ɗaya, yana auna kowace kalma.

"Nomau. Ajiye galan a ƙasa. Cire hannunka daga jikinsa. Zo ka zauna kusa da ni. A kan tabarma."