Ni da Bikarbonat a Bikin Yayana

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin bikin yayana Musa ba, ko da tsufa zai kwashe duk sauran abin da ke kaina. Lokacin ban fi wata biyar da dawowa Agadas daga karatu a Yamai ba, an ba ni koyar da fizik da shimi, wato kimiyyar haɗa sinadarai, a wani kolej. Yara na ce mini Madam, ni kuwa na ɗauki abin da zafi, har a gida ma Madam nake. Ba a isa a dafa shayi a gabana ba sai na yi bayanin dalilin kumfarsa.

Cikin duk abin da na karanto, bikarbonat ne ɗan lelena, farin garin nan da ake sayarwa a ƙananan ƙunshin da ake kira sashe a farmasi. Ba ya yankewa a jakata. Mai ƙwannafi, in jiƙa masa rabin cokali. Wake ya ƙi nuna, in barbaɗa. Firigo na wari, tukunya ta kama, takalmin wani na korar baƙi daga zaure, duk maganinsu ɗaya a wurina. Innarmu takan ce, "To ai ɗan'uwan kanwa ne, wadda kakarki ta tsufa tana jefawa a miya." Ni kuma in ce a'a, kanwa ta mutanen da ce, wannan na kimiyya ne. (Inna ce da gaskiya, dangin juna ne. Na sani sarai, bakina ne bai iya yarda ba.)

Ranar bikin, girki na hannun ƙanwar babanmu, Tanti Rakiya, wadda ba a biki a unguwarmu sai da ludayinta. Ita ta dafa bisap, wato zoɓo, ta matse masa lemun tsamin da aka aiko daga garaken Dabaga, lambunan nan na bayan gari. Lemun nan kuwa ba ya wasa. Tana ɗanɗanawa ta runtse ido ɗaya.

"Kai, tsamin ya yi yawa. A miƙo mini sukari."

Nan fa Madam ta samu kilas, wato ajin da za ta koyar. Na ce, "Tanti, sukari ba ya kashe tsami, lulluɓe shi kawai yake yi. C'est simple, acide plus base. Ki bar ni da shi."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ɗiyata, tun ba a haife ki ba nake haɗa bisap, bai taɓa neman Faransanci ba."

Matan da ke yankan albasa suka bushe da dariya, dariyar kuwa ita ta ƙarasa ni. Na faki idonta na ɗauke bidon guda, jarka mai lita biyar da aka riga aka cika, na koma bayan rumfa. Na yage sashe uku na juye a lokaci ɗaya. (Ban auna ba. Ni da nake rage wa yara maki in sun manta rubuta gram.) Sai na ji shuuu, kumfa ta taso. Don kar Tanti ta gani, na yi maza na murɗa murfi, na ƙara matsewa, har da girgizawa wai don garin ya narke.

Ga wanda bai sani ba, kumfar nan iska ce, gaz karbonik, wadda ke fita duk lokacin da abu mai tsami ya haɗu da bikarbonat. Sati guda kafin nan na nuna wa yara da binegar da balan-balan, ta kumbura suna tafi. Da hannuna na rubuta musu a tablo cewa kada a kuskura a toshe bakin kwalbar. Da jan alli.

Ina nan tsaye Inna ta zo da sauri tana raɗa. "Hajiya Mariyama ta iso! Maza ki kai mata abin sha."

Hajiya Mariyama ita ce mahaifiyar Abdu, wanda ke nemana. Manyansa ba su zo neman aure ba tukuna. A baki ta zo taya murna ne, amma har akuyar gidanmu ta san ni ta zo gani. Kaina ya ɗauki zafi, na manta da shimi gaba ɗaya. Na ɗauki kofuna, na rungumi bidon ɗin da ke hannuna. Na ji ya yi tauri kamar ganga, na ce a raina cika ce.

Tana zaune kan darduma da ƙawayenta biyu, cikin farin bazan, shaddar nan, sabo fil, irin mai ƙara in an motsa. Na durƙusa, na sunkuyar da kai, na sa muryar da ni kaina ban san ina da ita ba.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Ina wuni? Ina gajiyar hanya?"

"Lafiya lau, ɗiyata. Ke ce malamar?"

"Ni ce, Hajiya."

Na murɗa murfin.

Fau! Murfi ya tashi ya daki kwanon rumfa. Abin da ya biyo bayansa ba ja ba ne, domin bisap in tsaminsa ya mutu launinsa ma juyewa yake. Wani ruwa ne tsakanin baƙi da kore, kamar na kwata, ya nufi ƙirjin Hajiya kai tsaye. Na sa tafin hannu in toshe, sai ya rabu gida huɗu kamar ina ban-ruwan albasa: ƙawayen biyu suka samu rabonsu, ni ma fuskata ta samu.

Hajiya ta goge ido da bakin mayafi, ta ɗan lashi leɓe, ta yamutsa fuska.

"Ɗiyata, wannan kuma mene ne?"

Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, maimakon in ba da haƙuri sai na ji bakina ya ce, "Réaction ce, Hajiya." Bai tsaya nan ba (baki in ya tashi kai mutum ƙasa ba ya gajiya), ya ƙara da cewa, "Amma bikarbonat yana fidda tabo."

Daga bayana Tanti Rakiya ta ce, "Wallahi kika sake fiddo garin nan sai kin shanye abin da ya rage a bidon ɗin!"

Hajiya ta fara dariya a hankali, sai ta ƙwace mata har tana riƙe kafaɗar ƙawarta. Da zanen Inna na aro ta koma gida. Ni kuwa na shige ɗakin ajiya na zauna kan buhun albasar Tabelot ina kuka, ga wanda ya leƙo in ce albasa ce.

Sati uku ba mu ji motsin gidansu Abdu ba. Na riga na yi wa auren salla a raina. Sai ga kawunnansa da goro. Daga baya Abdu ya faɗa mini abin da Hajiya ta ce: "A nemo masa ita. Gidan da yarinyar nan take ba za a yi kaɗaici ba. Amma duk abin da ke da murfi, a bar wani ya buɗe."

Har yau a dangin mijina Reyaksiyon ake kirana, kuma in na tunkari taro da kwalba sai na ga mata na ja da baya suna tattare zannuwa. Abin da na koya dai shi ne, gaz da girman kai halinsu ɗaya: ka toshe ka girgiza, su yi shiru su bar ka, ba su tashi fita sai ka durƙusa gaban surukai.