Mai Aski Ya Shiga Littafi

"…da mutanen gida? Madalla. Ya ƙeya? Na ga ta yi tsiro kamar gonar da mai ita ya gudu."

"Ƙeya lafiya lau take, tunda ta samu mako uku ba ta gamu da hannunka ba."

Malam ya rataye hularsa a ƙusar da ya saba, ya zauna a kujerar askin nan mai kuka duk lokacin da aka juya ta. Shekara talatin da biyu ya yi yana koyar da tarihi kafin ya ajiye alli. Mai askin kuwa ɗan kawunsa ne. Uwar Malam da uban mai aski ciki ɗaya suka fito, don haka tun suna yara babu baƙar maganar da ɗaya bai halatta wa ɗaya ba. Shi yana kiran Malam Ɗan Alli, Malam yana kiransa Sarkin Ƙeya.

Yau dai ba aski ne ya kawo Malam ba. Kwana uku ke nan ana tare shi a hanya ana yi masa barka, wai ɗan'uwansa ya shiga littafi. Wata marubuciya ce ta zo bara, lokacin Malam yana kwance an yi masa aikin ido, tana tattara labarin mutanen da Turawa suka kwasa aikin tilas na shimfiɗa layin dogo, daga bakin jikokinsu. Kakan Malam da mai askin yana cikin waɗanda aka kwasa. Malam yana da littattafan rubutu goma sha ɗaya a akwati, cike da wannan labarin, ban da gara babu wanda ya taɓa leƙa su. Ga shi yanzu littafin matar yana jingine a gaban madubi, an shimfiɗa masa sabon tawul tsakanin mataji da kwalbar man gashi.

"Ba ka ga komai ba?" in ji mai aski, yana ɗaura masa ƙyalle a wuya.

"Na ga ƙura. Na ga kuma madubinka har yanzu a tsage yake."

"Duba dai da kyau. Ko likitan ya cire idon ne ya manta bai mayar ba?"

"Au, wancan? Na ɗauka abin kashe ƙuda ne."

"Tarihi ne, Ɗan Alli. Irin wanda ake bugawa da inji, ba irin wanda ake ajiye wa kyankyasai ba. Shafi bakwai nake da su a ciki. Da hoto."

"Hoton wa?"

"Hoton ubangidanka."

Malam ya yi niyyar kada ya taɓa, amma hannunsa ya riga shi fita daga ƙarƙashin ƙyallen. Ba sai ya nemi wurin ba, littafin da kansa ya buɗe, saboda yawan nuna wa mutane. Ga mutumin nan a ƙofar shago, almakashi a hannu, hula a karkace, yana kallon nesa kamar wanda aka yi komai a gabansa. A ƙasan hoton an rubuta: taskar tarihin mutanensa. Malam ya taɓe baki.

"Taskar tarihi. Kai. Mutumin da aka tambaya shekarar haihuwarsa ya ce Talata."

"Ƙarya na yi? Talata ce."

Mai aski ya kunna inji ya fara daga bayan kunne. Malam ya sunkuyar da kai, gashi yana zuba a kan shafi, yana hurewa yana karantawa. Ga yadda ake auna wa ma'aikata aikin yini da igiya. Ga yadda suke ɗaukar katakon layi mutum huɗu huɗu, ana ba da waƙa ana amsawa. Har inda shi Malam yake tsayawa ya yi gyaran murya in yana ba da labarin, nan matar ta sa aya.

"Wannan ni na gaya maka. Wannan ma ni ne. Wannan kuwa ranar da ka yanke ni a kunne na gaya maka shi."

"Kai ka zubar, ni na share. Duk abin da ya faɗi ƙasa a shagon nan nawa ne, gashi ko magana."

"Ku dai 'yan gidan kawu ba ku san kunya ba. Ku ke zaune a gidan tsoho, ku ake kira da sunansa. Abu ɗaya ya rage wa ɗan mace, labarinsa, shi ma ka ɗauka ka miƙa wa baƙuwa."

"Bawa da abin da ya tara ai duk na ubangidansa ne. Sunkuya."

"Wa ke bawan wa? Wa ke zaune, wa ke tsaye yana hidima?"

"Wa ke da reza a hannu?"

Malam ya sunkuya. Ya juya shafi, ya karanta layi biyu, ya koma ya sake karantawa.

"Tsaya. Kashe injin nan. Me nake gani? ‘Kakansu shi ne mai yi wa Baturen da ke kula da aikin aski. Ranar da aka ƙara wa ma'aikata tsawon igiya, sai ya aske masa rabin kai, ya ninke askarsa ya fita. Da ma'aikata suka ga Bature da rabin kai, tsoronsa ya fita daga zukatansu, washegari babu wanda ya ɗauki diga.’"

"Nan ne ta fi so. Har sai da ta sa na maimaita mata sau biyu."

"Ni na ƙirƙiro shi, Sarkin Ƙeya. Ranar da aka ɗauke wuta ka bar ni da rabin kai, na shiga aji yara suna ta dariya. Na dawo na ce maka aikin banza a jininku yake, kakanmu ma haka ya yi wa Bature. Zagi ne. Zaginka na yi."

"Ni yabo na ji."

"Kakanmu bai taɓa riƙe aska ba. Ruwa yake ɗebo wa ma'aikata."

"To, sai ka je ka gaya wa duniya. Ka ce malamin tarihi na shekara talatin da biyu ne ya zauna ya ƙera ƙarya, mai aski ya ɗauka a kan amana. In labaran naka ne, har da wannan naka ne. Ba a zaɓe."

Malam ya ɗaga kai. Ya dubi kansa a madubi, gefe ɗaya fes, gefe ɗaya daji. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne labarin ya yi daɗi a rubuce. Shekaru yana tace gaskiya kamar mai tsince tsakuwa a hatsi, babu wanda ya buga masa ko layi ɗaya. Ƙaryar da ya yi cikin fushi ita ce ta samu shafi guda cur.

"Ita matar ba ta tambaye ka inda ka ji ba? Wace irin mai rubuta tarihi ce ba ta bin tushe?"

"Ta tambaya mana." Mai aski ya hau goge haƙoran inji da burushi, alhali babu komai a jikinsu. "Kawo littafin, kada ka ɓata min shi da gashi."

Malam ya san wannan muryar tun suna satar mangwaro. Ya riƙe littafin da kyau, ya juya zuwa ƙarshe, inda marubuta ke jera godiya. Ya bi da yatsa har ya tsaya. Ya karanta a hankali, da muryar da yake karanta sakamakon jarrabawa.

"‘Godiya ta musamman ga mai askin, wanda ya ji yawancin labaran nan daga bakin ɗan gwaggonsa, wani malamin makaranta da ya riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansa.’"

Malam ya ɗago ya dubi mai aski ta madubi.

"Amin," in ji mai aski.

"Ka kashe ni."

"Ka ga, ba yadda kake zato ba ne. Ta ce ina shi malamin yake, ta je ta gan shi. Na ce ai wannan ya daɗe da mutuwa, gawarsa ce kawai ke zuwa aski. Kullum haka nake faɗa maka a gaban mutane, kowa ya yi dariya. Ita sai ta ajiye biro ta yi min ta'aziyya."

"Kai kuma ka karɓa."

"Mace ta cika ido da hawaye, in ce mata wasa nake? Ba ta san yadda muke ba. A wajensu in an ce mutum ya mutu, to ya mutu."

"To, a ce bakinka ya yi nauyi ranar. Ta yi kwana nawa tana zuwa?"

"Tara."

"Kwana tara ina kwance da bandeji a ido, kana zuwa duba ni da lemo, kana dawowa kana karɓar gaisuwar mutuwata."

"Lemon ma ita ta kawo na ta'aziyya."

Malam ya so ya yi dariya, ya danne. Ya rufe littafin ya ɗora a cinya.

"Ka san abin da babu a cikin nan? Mutum arba'in da uku suka mutu a zangon da kakanmu ya yi aiki. Takardun Turawa sun ce an yi asarar ma'aikata kaɗan, shi ke nan. Mai ɗebo ruwa shi ke yi musu wanka, don haka shi ya riƙe sunayensu. Na farko maƙeri ne. Na shida da na bakwai wa da ƙane ne, rana ɗaya suka tafi. Kowace safiya sai ya jera su kamar wuridi, har ya rasu. Uwata ta haddace, ni na rubuta daga bakinta. Ba su a ko'ina a duniya sai a akwatina. An buga littafi a kansu, an sa Bature mai rabin kai, su ba a sa su ba."

Mai aski ya ajiye burushin.

"Baba bai taɓa gaya mana wannan ba."

"Kawu ba ya zama wuri ɗaya. Uwata ce ke zama."

"Kai kuma shekara talatin kana cika min kunne a kujerar nan, ba ka taɓa faɗa ba."

"In faɗa maka ka share ka haɗa da gashi?"

Mai aski ya zagayo ya jingina da teburin madubi, ya harɗe hannu. "Bari in gaya maka gaskiya ɗaya, kada ka saba. Tun muna yara ake cewa ga Malam, ga kuma ɗan'uwan Malam. A ɗaurin aure kai ake ba tabarma, ni a ce in duba ko ruwa ya isa. Sau ɗaya tak a rayuwata wata ta shigo da na'urar ɗaukar magana, ta zauna a bencin can, ta ce min ‘ranka ya daɗe, ci gaba.’ In nuna mata gidanka? Da ta ga akwatin nan, ko sunana ba za ta tuna ba."

"Ashe kishi ne ya kashe ni, ba wasa ba."

"Rabi da rabi. Kai kuma me ya kawo ka aski da tsakar rana, wata bai cika ba? Kewata?"

"Ina lambarta?"

"Wace lamba?"

"An ce za su sake buga littafin, ta ce in akwai gyara a sanar da ita kafin ƙarshen mako. Mai shayi ya gaya min, kai ka gaya masa."

"Bakin mai shayi zai kai shi inda ba ya so." Ya sosa gemu. "In na kira ta, labarin aska zai fita?"

"Zai fita. Da bakina zan ce mata ni na ƙera shi."

"Ka tona wa kanka asiri?"

"Gara a ce Malam ya yi ƙarya ya gyara, da a bar mutum arba'in da uku a akwati."

"Hoton fa?"

"A canza rubutun ƙasa. A sa: wanda aka ba ajiya ya sayar."

"Ba a taɓa hoton. Ko me za a cire a cire, hoton yana nan, da hularsa."

"Ni kuma a sa nawa. Ya fi naka girma."

"Da wannan kan? Zauna a haka, kada ka motsa, in ta ce a turo hoto yanzu in ɗauka."

Mai aski ya jawo aljihun tebur, ya tono wani ɗan kati daga ƙarƙashin fakitin reza, ya riƙe shi nesa da ido yana danna waya da yatsa ɗaya. Malam ya miƙe zaune. Ya gyara ƙyallen wuyansa, sai ka ce matar za ta gan shi.

"Salamu alaikum, ranki ya daɗe. Ni ne, mai aski, na shafi na sittin da ɗaya. Lafiya lau, alhamdu lillahi. Dama kin tuna ɗan gwaggon nan nawa, malamin makaranta, wanda na ce miki ya rasu? Amin, amin, na gode. To, maganarsa ce ta sa na kira." Ya dubi Malam ta madubi, kafaɗunsa sun fara rawa. "Ya ji sauƙi."

Dariya ta ci ƙarfinsa, ya miƙa wayar ya faɗa kan benci yana riƙe ciki. Malam ya karɓa, ya hure gashin da ke jikinta, ya yi gyaran murya.

"Salamu alaikum, malama. Marigayin ne ke magana. Kina da biro a kusa?"